Kwat Ɗin da Anti Azumi Ta Wanke

Duk wanda ya fara aiki da ni a ɗakin sutura, abin da yake fara tambaya shi ne wancan kwat ɗin da ke rataye a ƙarshen layi, mai jan ƙyalle ɗaure a hannu. Yau ma ga shi kun tambaya, har ɗayarku tana toshe hanci. To, ku ja kujera. Ranar da aka kawo mini kwat ɗin nan wankakke, gogagge, ba ta taɓa fita daga kaina ba, kuma har yau idan na tuna sai na ji raina yana tafasa kamar jiya aka yi.

Wata Litinin ce cikin watan Oktoba. Muna ɗaukar wani ƙaramin fim a wani tsohon gidan gona a garin Pleasant Garden, nan jihar Karolina. Bari in yi muku bayanin yadda aikin yake, tunda ku sababbi ne. A sama akwai mai tsara sutura, ita ke zaɓar abin da kowane ɗan wasa zai sa. Da ta gama tsarinta sai ta wuce wani aikin, ta bar mai kula da sutura a lokeshin. Ni ce wannan. A ƙarƙashina akwai mai wanki da guga. Babban abin da ke wuyana shi ne kwantiniti, wato in tabbatar kayan da mutum ya sa a ɗaukar yau sun yi daidai da na ɗaukar jiya. Sin ɗaya da za ku kalla cikin minti biyu, ana iya ɗaukar rabinsa ranar Juma'a, sauran ranar Litinin. Idan maɓalli a ɓalle yake ranar Juma'a, dole ya kasance a ɓalle ranar Litinin. Idan akwai tabon miya a ƙirji, tabon nan dukiya ne. Shi ya sa nake ɗaukar hoton kowa da wayata kafin ya tuɓe.

Mai wanki da gugar tawa ita ce Anti Azumi, 'yar zangon Kumasi. Ta girme ni nesa ba kusa ba. A wani shagon wanki a titin Gate City Boulevard na san ta, kuma ni na nemo mata aikin, don ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Idan ta goge riga, kai da kanka za ka ji kunyar zama a cikinta. Matsalarta ɗaya ce, ba ta yarda akwai dattin da ke da amfani ba.

Mai kwat ɗin kuwa wani tsohon Baturen Ingila ne, Mista Cranlow, mu dai Baba muke ce masa. Irin 'yan wasan nan ne da za ka ga fuskarsu ka ce ai na san wannan, amma ko za a yanka ka ba za ka iya faɗin sunansu ba. A wani gari na bakin teku aka haife shi, ubansa mai sayar da kifi. Da sharar dandamali ya fara a gidan wasan kwaikwayo, daga nan aka fara ba shi faranti ya shiga da shi ya fito. Ya haura shekara hamsin yana fim bai taɓa fitowa a jarumi ba. Yau shi ne baran gidan attajiri mai buɗe ƙofa, gobe mashayin da ake korowa daga mashaya, jibi mai haƙa kabari. Ya ce mini a mafi yawan finafinansa kafin a kai rabi ya mutu. A wannan fim ɗin namu ne aka fara ba shi magana mai tsawo. Ya fito a uban da ya gudu ya bar iyalinsa, ya dawo bayan shekaru a tsiyace, ya zauna a matakalar gida yana ba 'yarsa haƙuri. Shi kaɗai zai yi ta magana, kamara na kansa.

Kada ku ɗauka tsohon mai sauƙin sha'ani ne. Kullum da safe sai ya yi ƙorafin shayi. Wai ruwan bai tafasa ba, wai an dafa shi a na'urar ɗumama abinci, wai mutanen ƙasar nan ba su san mutuncin ganyen shayi ba. Kuma duk cikin ladabi yake yi, yana sori yana na gode, har ka rasa ta inda za ka kama shi ka yi fushi. Anti Azumi kuwa tun ranar farko ta ɗauke shi uba. Takan kawo masa shinkafa da wake da yaji irin na Kumasi, ya ci hawaye na zuba, yana cewa bai taɓa cin abu mai daɗi haka ba.

Kwat ɗin nasa ne, da shi ya zo daga Ingila a jakar hannu, kuma sai da aka yarda zai sa shi a fim ɗin kafin ya karɓi aikin. Kun gan shi dai. Gwiwar hannu a yage, aljihu a huje, ƙuna a ƙirji, maɓallai kowanne da irinsa, ga warin tsufa da taba. Dokar aiki ita ce sutura ba ta kwana a hannun ɗan wasa, a motar sutura take kwana. Sai da muka kai ruwa rana kafin ya yarda ya bar mini shi. Na ɗaura masa jan ƙyalle, wanda a wurinmu yake nufin kada a taɓa. Na gaya wa Anti Azumi da Hausa, na gaya mata da Turanci, har da ɗan Twi ɗin da na tsinta a bakinta na haɗa. Ta ce ta ji.

Ranar Juma'a aka ɗauki sin ɗin matakalar daga nesa, aka bar ɗaukar kusa sai Litinin. Da yamma Anti ta kwashe kayan wanki kamar yadda ta saba, don tana da mabuɗin motar.

Litinin da safe ina jera takalma sai ga ta, baki har kunne, riƙe da wani abu cikin ledar shagon wanki. Na ɗauka kayan wani ne. Sai ta zare ledar. Kwat ɗin ne. Fes, yana ƙamshin sabulu. Ta ɗinke duk wata yagewa da ɗinkin da ko da tabarau ba za ka gani ba. Ta canja maɓallan duka zuwa iri ɗaya. Ƙunar ƙirjin ma ta yi mata faci daga ciki. Jan ƙyallen nawa kuwa ta wanke shi, ta goge, ta mayar ta ɗaura a inda yake.

Na ce, “Anti, me kika yi?”

Ta ce, “Ei, Rabi, kin ga yadda ya fito? Na sha wahala paa. Sau uku ina canja ruwa, baƙi ƙirin.”

“Ban ce kada a taɓa shi ba?”

“Kin ce. Amma ke ma ki ji tsoron Allah. Dattijo kamar wannan, sa'an ubanki, ki bar shi ya tsaya gaban duniya da tsumma? Mutanen Ingila su kalli fim su ce Hausawa ne ke kula da kayansa? Ni ba da ni ba kuraa, ko kusa.”

Da ƙanwata ce da na san abin da zan yi mata. Amma mace ta girme ka, ta yi maka ɓarna, kuma tana tsaye tana jiran ka gode mata, ina za ka sa kanka? Ina cikin haka Baba ya shigo da kofin shayinsa.

Ya tsaya ya daɗe yana kallon kwat ɗin. Na ga fuskarsa ta yi fari fat. Sai ya juya wajen Anti, ya ɗan rusuna, ya ce wannan kirki ne babba, bai san yadda zai gode mata ba.

Anti ta kalle ni ta ce, “Kin ji ko?”

Kun ga abin da ke ƙona mini rai da Turawan Ingila ke nan. Ana yanka su suna godiya. Da ya yi ihu, da ya jefar da kofin, da tun a lokacin an san girman abin da ya faru.

Daraktan, wani matashi ɗan nan ƙasar, shi bai iya wannan ladabin ba. Ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta fito, kuma ni ya fuskanta, don ni ce mai jan ƙyalle. Da ya huce ya ce ba komai, za a matso da kamara sosai, fuska da wuya kawai za a gani. Na shafa wa wuyan kwat ɗin ɗan shayi da toka, aka zaunar da Baba a matakala, aka ce a fara.

Ya faɗi jimlar farko lafiya lau. Ya shiga ta biyu, sai ya tsaya. Aka sake. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Aka karanta masa, ya maimaita, ya ɗan yi gaba, ya sake kakarewa. Mutumin da ranar Juma'a ya zuba maganar nan tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, har mai riƙe makirufo yana share ido. Ina tsaye a bayan kamara sai idona ya kai kan hannunsa. Yatsunsa suna ta yawo a jikin kwat ɗin, daga ƙirji zuwa aljihu, daga aljihu zuwa gwiwar hannu, suna laluben abin da babu.

Da rana ta take, darakta ya ce a tashi. Ya ja ni gefe, amma da ƙarfin da kowa zai ji. Ya ce gidan nan yau ne kaɗai ya rage mana a cikinsa. Idan rana ta faɗa bayan itatuwan can ba a samu maganar ba, zai yanke ta gaba ɗaya, ya yi amfani da hoton nesa na ranar Juma'a, ya sa kiɗa a kai. Wato tsohon ya tsallako teku don magana ɗaya tak a rayuwarsa, kuma za a mayar da shi mai zama a matakala ba baki.

Na same shi a motar sutura, zaune a kan akwatin takalma, kwat ɗin a cinyarsa. Na ce, “Baba, don Allah bar ladabin nan, gaya mini gaskiya. Me ke faruwa?”

Ya fara da roƙona kada maganar ta fita. Ya ce 'yan shekarun nan kansa ya fara yoyo. Magana takan shiga ta fita. Kuma a sana'arsu, ranar da aka ji ɗan wasa ya fara mantuwa, ranar wayarsa take daina ƙara. Don haka ya samo dabara. Ya raba maganar gida gida, ya rataya kowane gida a wani wuri a jikin kwat ɗin. Farkonta a ƙunar ƙirji. Idan yatsa ya gangara zuwa maɓallin da ya tsage, gida na biyu ya zo. Hujin aljihu, na uku. Haka har ƙarshe, kamar mai jan carbi. Ni da nake kallonsa ranar Juma'a na ɗauka salon wasa ne.

Ban san Anti Azumi tana bayan layin kaya tana ji ba, sai da na ji ta ce, “Innalillahi.”

Ban tsaya rarrashin kowa ba. Na fito da hotunan ranar Juma'a, na miƙa wa Anti abin farke ɗinki, na ce, “Anti, yadda kika ɗinke haka za ki farke. Ina tsofaffin maɓallan?” Allah ya taimake mu, mace ce da ba ta zubar da maɓalli, suna cikin jakarta a ƙulle a leda.

Ban taɓa tsine wa ɗinki mai kyau ba sai ranar. Zaren ya shige cikin ulu kamar a nan aka halicce shi. Muna farkewa, gumi na karyo mana, Baba na tsaye a kanmu yana ba da umarni, don ba yagewa kawai yake so ba, yagewar da yatsansa ya sani yake so. Kuma kowace sai ya ba mu tarihinta, alhali rana na tafiya. Ƙunar ƙirji, wani jarumi ne ya kashe masa sigari a jiki, a fim ɗin da ya fito a direban tasi, kuma jarumin har aka gama bai tambayi sunansa ba. Gwiwar hannu, doki ne ya ja shi a ƙasa lokacin da ya fito a ɓarawon kaji. Maɓallin da ya tsage, a wani fim ne da ya yi sati yana kwance cikin ruwan sanyi a matsayin gawa, daga baya aka yanke wurin, ko ƙafarsa ba a gani ba. Na ce, “Baba, labarin da daɗi, amma nuna mini inda hujin yake tsayawa.” Ya ce sori, ya nuna, ya ɗauko wani labarin.

Da muka gama farka aka zo batun datti. Na fitar da kwat ɗin waje na shimfiɗa a kan jar ƙasar nan ta Karolina, na ce Anti ta taka. Ta ce ita ba za ta iya taka rigar dattijo ba. Na ce, “Anti, kin iya wankewa ba izini, za ki iya takawa da izini.” Ta cire takalmi ta hau, tana takawa tana kuka. A nan ne ta ce mini, tun tana yarinya ita ke wanke wa babanta kaya, ba ya sa rigar da wani ya goge. Ya rasu tana nan ƙasar, ba ta samu zuwa ba. Ranar da ta fara ganin Baba cikin kwat ɗin nan ta kasa cin abinci. Na ji tausayinta har cikin raina, amma ban bar ta ta sauka ba sai da bayan ya yi daidai da hoto. Muka bi da shayi, da toka, da man girki, muka busar da na'urar busar da gashi.

Baba ya sa, ya rufe ido, yatsunsa suka fara tafiya, maganar tana fitowa tiryan-tiryan. Har na fara hamdala. Sai hannunsa ya kai can ƙasan kwat ɗin, wajen kalmasa, ya matsa, ya sake matsawa. Ya buɗe ido ya tambaya, a hankali, ko an ga wani ɗan dutse a ciki.

Anti ta dafe ƙirji. Ta ce ta ji wata tsakuwa a cikin kalmasar, ta farke ta cire, ta jefa a kwandon sharar shagon. Kuma motar shara takan zo da sassafen Litinin.

Ya ce matarsa ce ta tsinto shi a bakin tekun garinsu ranar da aka fara ba shi aikin fim, ta sa masa a aljihu. Ya zurare ta hujin ya zauna a ƙasa, ya bar shi a nan. Ta daɗe da rasuwa. A kan dutsen ya rataya ƙarshen maganar, wurin da uban yake roƙon 'yarsa ta yafe masa. Sannan, kun san me ya ce? Wai ba komai, dutse ne kawai, kada Anti ta damu.

A nan na fashe. Na ce, “Baba, da komai! Ka daina cewa ba komai!” Duk suka zuba mini ido. Ni kaina ban san da wa nake faɗa ba, da shi, da ita, ko da ranar da ta riga ta karkata.

Anti ce ta fara motsawa. Ta zazzage jakarta a kan tebur, ta tona, ta ɗauko wani ɓarin goro da ya bushe ya yi tauri. Ta ce irin wanda babanta yake ci ne, tana ajiye shi a jaka ne kawai. Ta sa a tafin Baba ta ce, “Taɓa ka ji, ya kai girmansa?” Ya jujjuya shi a yatsa, ya ce ya ɗan fi shi kaushi, amma zai gane shi. Ta tura goron cikin kalmasar ta kama da zare. Wannan karon da gangan ta yi ɗinkin banza.

Rana na taɓa kan itatuwa aka zaunar da shi. Ni ba fuskarsa nake kallo ba, hannunsa nake bi. Ƙuna, maɓalli, aljihu, gwiwar hannu. Da ya gangara ƙasa ya kama goron, sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ga darakta ya ɗaga hannu zai tsayar. Sai maganar ta fito, muryarsa na rawa, ba irin ta ranar Juma'a ba. Ɗauka ɗaya aka yi. Darakta ya rungume shi yana cewa shirun nan shi ne gwanintar shekara hamsin, yana tambayar yadda aka yi ya tsara shi. Ni da Anti muka kalli juna.

Kada ku ce daga nan na huta. Washegari tsohon ya dawo da ƙorafin shayinsa, Anti kuma na kama ta tana hararar wata hular da na yi kwana biyu ina tsufar da ita. Sai da na karɓe mabuɗin motar daga hannunta.

Ranar da aka gama aiki, Baba ya zo da kansa ya rataya kwat ɗin a layin Anti. Ya ce wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe, ya gama da shi, yanzu ta wanke yadda ranta yake so. Ya yi mana godiya irin tasu ya tafi filin jirgi. Sai da na zo ɗaura ƙyalle na ga an farke kalmasar da ɗan almakashi. Ya bar mana kwat ɗin da ya yi rayuwarsa a ciki, ya tafi da goron.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne a wannan aikin ba a gyara abin da ba a tambayi mai shi ba. Abin da kika gani datti, wataƙila da shi wani yake tsaye. Kuma idan ɗan wasa ya ce muku ba komai, ku bar bakinsa ku kalli hannunsa. Mutanen nan sun saba ɓoye ciwo, da shi suke cin abinci.

Kwat ɗin kuwa, shekarun nan duka ba a sa masa ruwa ba. Ba ni na hana ba. Anti Azumi ce, kuma anjima kaɗan za ta shigo da kayan guga. Ke mai toshe hanci, idan kina son zaman lafiya a wurin nan, ki sauke hannunki kafin ta gan ki.